Tarkon Maiƙon Injiniya Pindar

Duk wanda ya zauna a unguwar Bulumkutu ta Maiduguri a shekarun da soja ke mulki, lokacin da ake sharar dole kowace Asabar ɗin ƙarshen wata, ya san Pindar. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don Pindar ba ya magana da mutum ɗaya, ko gaisuwa zai yi sai duk layi ya ji. Masinja ne a wata ma'aikata cikin gari, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. Shi Injiniya ne.

Asalin wannan injiniyanci kuwa, ranar da ake awon lambatun da ya bi ta bakin titinsu, mai awo ya rasa wanda zai riƙe masa bakin tef. Pindar na wucewa aka ce ya taimaka. Ya riƙe, har ya ƙara da gyaran murya. Tun daga ranar, duk sanda ya bi ta gefen lambatun nan sai ya rage tafiya, ya ɗan daki simintin da dunduniya, ya ce, "Aikinmu ke nan. Mu muka yi."

Akwai maganar da ba a taɓa jin ta daga bakinsa ba, ita ce "na kasa". Ya buɗe rediyon maƙwabci zai gyara, rediyo ya yi shiru har yau, ya ce tashar ce ta mutu. Ya hau rufin cocinsu zai toshe yoyo, aka koma yin sujada da laima, ya ce ruwan bana ne ya yi wa kwano yawa. Kullum laifin na wani abu ne daban, shi dai aikinsa ya yi kyau.

Abin da ke riƙe da gidan Pindar ba injiniyanci ba ne, tukunyar matarsa Salomi ce. Ta fara da tukunya ɗaya a gindin dogonyaro, rana na dukanta, ƙura na shiga miya, har Allah ya sa ta yi ɗan shago mai rufin kwano da bencina. Direbobin tifa, 'yan ƙwadago, malaman makaranta, kowa a nan yake karyawa. Farfesun ƙafar saniya da shinkafa da miyar manja, in ka ci sai ka wanke hannu har gwiwar hannu. Ruwan wanke-wanken kuwa, da duk maiƙon da ke cikinsa, kai tsaye yake gangarawa lambatun Injiniya.

Wata safiya cikin tsananin zafin bazara sai ga Malam Kashim duba-gari a kan Basfa. Farar riga tas, gajeren wando kaki, ga wani ƙaton kwaɗon kulle ƙofa yana reto a ɗamararsa. Bai ko zauna ba. Ya karɓi sanda, ya caka cikin lambatu, ya saki. Sanda ta tsaya cak.

"Madam, zo ki gani," in ji shi. "Wannan ba ruwa ba ne, maiƙon tukunyarki ne ya haɗu da yashi ya daskare. Damina na tafe. In ruwa ya zo ya rasa hanya, ɗakunan mutane zai shiga. Doka ta ce duk mai sayar da abinci ya tare maiƙonsa, kada ɗigo ya shiga lambatun gwamnati. Ranar Asabar ɗin shara zan dawo. In na ga mai a nan, kin ga wannan?" Ya ɗaga kwaɗon. "A ƙofarki zai kwana."

Salomi ta matso kusa da shi. Shagon nan shi ne duk abin da ta tara a duniya.

"Malam, yaya ake tare shi? Ka nuna mini in yi."

Malam Kashim ya buɗe baki zai yi bayani, sai wata murya ta fito daga bayan labule.

"Wa zai nuna wa wa? A gidan Injiniya?"

Pindar ya fito da singileti, biro a kunne, asuwaki a baki.

"Malam Kashim, lambatun da kake caka wa sanda, ka san wa ya gina shi? To ka je kawai. Ranar Asabar ka zo da kofi, don ruwan da zai bi ta nan sai ka ji kamar ka sha. Ba a haifi maiƙon da zai gagare ni ba."

"Baban Rebeka, don Allah ka bari ya gama magana," in ji Salomi.

"Maman Rebeka, ke da tukunya, ni da ilimi. Na taɓa sa miki baki a gishiri?"

"Kullum."

Malam Kashim ya ɗaga kafaɗa, ya tayar da Basfarsa ya wuce, bayanin na cikinsa.

Dabarar farko ba ta ɗauki Pindar lokaci ba. Mai dai wuta ke narka shi. Ya tare 'yan garuwa, ya cika manyan tukwanen Salomi, ya ƙone itacen da ta ajiye na girki, ya yi ta sheƙa tafasasshen ruwa a lambatu yana ba kansa umarni. Maiƙo ya narke, ya kama hanya. Pindar ya bi shi da kallo yana ɗaga masa hannu.

"Sai wata rana! Ka gai da Tafkin Chadi!"

Maiƙo bai je Tafkin Chadi ba. Gida biyu ya wuce ya tarar da kwalbatin Alhaji Gana, ya sha iska, ya huce, ya zauna daram. Alhaji Gana dillalin dabbobi ne, kakanninsa makiyaya, kuma duk duniya ba abin da yake ji da shi kamar ragunansa balami, farare sol, waɗanda ake wa wanka da sabulu kafin a kai su Kasuwar Shanu. Da gari ya waye, ruwan kwatar layin gaba ɗaya ya rasa hanya, ya juyo ya shiga garken Alhaji.

Alhaji ya iso shago riƙe da bakin riga, ƙafafu baƙi ƙirin. Ko a haka bai yar da gaisuwa ba, ya fara ta da Barbarci.

"Wushe, Injiniya. Nda watu? Ya iyali? Ya zafi? To, wane ɗan banza ne ya aiko mini da miya ta ƙarƙashin ƙofa?"

"Alhaji, wannan mataki na ɗaya ne. A aikin injiniya sai an fara tara abokin gaba wuri guda."

"Shi ne ka ga gidana ya dace?"

"Gidanka ya fi gangare. Ba ni na zaɓa ba, ilimi ne."

Ya Fanna, tsohuwa mai haɗa turaren wuta da humra a tsallaken titi, ta leƙo tana toshe hanci da gefen lafayar da ta yafa.

"Ɗana Pindar, jiya mata sun zo sayen turare, suka shinshina suka ce na canja hannu, wai akwai ƙanshin ƙafar saniya a ciki. Tun kafin a haife ka nake wannan sana'a, ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba."

"Ya Fanna, ki yi haƙuri da mataki na biyu."

"Matakan naka guda nawa ne? In san ko zan ƙaura."

Mataki na biyu dusa ce. Pindar ya lura in Salomi za ta goge kasko mai maiƙo, takan zuba ɗan gari ya shanye man. Abin da gari zai yi a kasko, ai dusa za ta yi a lambatu. Ya ɗauko buhunan dusa a baro, ya bi lambatu yana zazzagawa tun daga ƙofar shago har kwalbatin Alhaji, ya tsaya ya riƙe ƙugu yana jiran yabo.

Ragunan Alhaji ne suka fara yabawa. An fito da su ke nan an yi musu wanka an ɗaure a rana, sai iska ta kai musu labarin dusa mai manja da gishiri da ɗanɗanon farfesu. Suka tsinke igiya. Kafin ka ce me, lambatu ya cika da raguna, wasu sun shiga da ƙafa, wasu da ka. Awakin unguwa suka ji, suka zo. Kaji suka biyo baya. Wani jakin mai itace ya tsaya da kayansa ya ƙi gaba ya ƙi baya sai da ya ɗanɗana.

Da aka jawo ragunan waje, babu fari ko ɗaya. Wani ja, wani ruwan ɗorawa, babbansu kuwa rabinsa ja rabinsa baƙi, yana lashe baki yana neman komawa.

Alhaji Gana ya ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Gobe kasuwa! Wa zai sayi rago kalar miya?"

"Alhaji, kai ma dai," in ji Pindar. "Fari ai kowa na da shi. Ka ce musu sabon iri ne daga Sudan."

"Kai zan kai kasuwar in ce daga Sudan kake!"

Salomi ce ta fito ta durƙusa ta ba Alhaji haƙuri, ta aika masa da kwanon farfesu gida. Da ta dawo ta ja mijinta bayan shago.

"Baban Rebeka, ka dubi girman Allah. Ka je ofishin mutumin nan ka tambaye shi yadda ake yi. Tambaya kawai."

"In tambayi wanda na gina wa lambatun da yake ci da shi? Me kike zubawa a tukunyar nan?"

"Kanwa ce."

Pindar ya leƙa. Manja na yawo a saman miya, Salomi ta zuba ruwan kanwa ta juya, sai man ya shige cikin miya ya ɓace. Idon Pindar ya yi waje. Ya cire biro daga kunne, ya mayar, ya sake cirewa.

"Maman Rebeka, kin ga abin da na gano yanzu?"

"Abin da ka gano? Kakata ma haka take yi."

"Kakarki a tukunya ta yi. Ni a ƙasa baki ɗaya zan yi."

Washegari aka ga 'yan ƙwadago suna haƙa rami. Ba a bayan shago ba, inda hankali zai ce a yi. A gaban ƙofa, daidai inda duk mai wucewa zai gani. Aka binne wani tsohon tankin kananzir da Pindar ya samo a wurin 'yan gwangwan, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum. Aka jawo bututu daga wurin wanke-wanke aka zura ciki. Mai walda ya tambaya ta ina ruwa zai fita.

"Fita? Ka taɓa ganin tarko mai ƙofar fita? Abin da ya shiga ya shiga ke nan."

Ya juye rabin buhun kanwa ungurnu a ciki. Ya ga kamar ba ta isa ba, ya ƙara da katan ɗin garin sabulu, don in kanwa ta kashe mai, sabulu ya yi masa wanka. Ya kawo murfin ƙarfe ya rufe, ya zagaye shi da robar tayar keke ya ɗaure tam. A jikin murfin ya sa aka rubuta da jan fenti: TARKON PINDAR. Ruwan wanke-wanke ya yi ta shiga, ranar Maiduguri ta yi ta dukan murfi. Kafin Asabar, in ka kasa kunne sai ka ji tanki na gunaguni kamar cikin wanda ya ci wake.

Saura abu ɗaya, wato yadda za a dama haɗin. Injiniya ba ya damawa da muciya. Ya je wurin Yunus mai faci ya aro injin da yake ba tayar tifa iska, ya huda murfi ya zura tiyo. Iska za ta shiga ta dama komai kamar fura.

A lokacin nan ba a yin abu a garin sai an yi bikin ƙaddamarwa, ko rijiya ce ko kalanda. To tarkon Pindar ya fi su? Ya bi gida gida yana gayyata. Alhaji Gana ya rantse ba zai zo ba, sai da Pindar ya ce masa shi ne babban baƙo mai yanke ƙyalle, sannan ya ce zai duba.

Ranar Asabar, ana gama shara, layi ya cika. An fito da bencinan shago an jera. Alhaji Gana ya zo cikin shadda mai ruwan sararin sama, sai ƙamshi yake. Ya Fanna ta zo da kujerarta, ta ce ita kallo ta zo, ta zauna can nesa. Pindar ya sa kwat ɗin aurensa, wanda yanzu maɓalli ɗaya ne ke yarda da shi, ya ɗora wata hular kwano ta leburori da ya aro. Salomi na bakin ƙofa riƙe da ludayi tana addu'a a zuci.

Malam Kashim ya iso, ya kafe Basfa, ya leƙa lambatu. Tun da aka binne tanki ko ɗigo bai shiga ba, kuma raguna sun riga sun lashe na da.

"Ba laifi," in ji shi, yana mamaki. "Madam, ba laifi. Na ga ba mai. Zan wuce."

Salomi ta sauke ajiyar zuciya. An gama. Shago ya tsira. Da Malam Kashim ya hau Basfarsa a lokacin nan, da wannan labari bai kai gare ku ba.

"Ka wuce ina?" in ji Pindar, ya riƙe kan Basfar. "Ba ka ga aikin ba tukuna. Wannan da ka gani ai tarko na barci. Tsaya a tashe shi."

"Baban Rebeka, ya ce ba laifi! Ka sake shi ya tafi!"

"Ba laifi? Ni zan yi aiki a ce ba laifi?"

Ya hau kan benci ya yi jawabi. Ya gode wa gwamnati, ya gode wa Alhaji, ya gode wa kansa. Ya ce daga Bulumkutu za a kai wannan fasaha Hausari, daga Hausari a kai Khaddamari, daga nan sai Ikko, Turawa ma in sun yi ladabi za a ba su. Alhaji Gana ya yanke ƙyalle aka yi tafi. Pindar ya cusa tsumma ya toshe bututun wanke-wanke don kada iska ta gudu, ya tofa yawu a hannu, ya ja igiyar inji.

Inji ya kama. Tanki ya yi gum, ya yi gurrr. Murfi ya fara kumbura.

"Injiniya, abin nan numfashi yake yi," in ji Alhaji, yana ja da baya.

"Alamar lafiya ke nan. Matso ka gani, kai ne babban baƙo."

Alhaji ya matso. Malam Kashim ya matso. Pindar ya ɗora ƙafa ɗaya a kan murfi kamar maharbin da ya kashe ɓauna.

Ƙarar da ta biyo baya, waɗanda ke bakin titin jirgi sun ce sun ji. Murfi ya yi sama da sunan Pindar a jikinsa, ya sauka a kan rufin Ya Fanna. Bayansa kumfa ta taso, ja-ja, mai kauri, mai ƙanshin farfesun da ya kwana biyu, ta wuce tsayin dogonyaro, ta buɗe kamar laima, ta sauko a kan jama'a. Inji kuwa bai san an yi ba, sai ƙara hura iska yake, kumfa na ta tuttuɗowa.

Wanda ya fara gudu shi ya fara faɗuwa. Sabulu da mai a kan siminti, ƙafa ba ta da ta cewa. Wani direba ya riƙe malamin makaranta don kada ya faɗi, suka tafi tare a zaune har bakin titi. Alhaji Gana ya ɓace gaba ɗaya, hularsa kawai ake gani tana yawo a saman kumfa, muryarsa na fitowa daga ƙasa tana salati da Barbarci. Ragunansa suka ji ƙanshin da suka sani, suka sake tsinke igiya, suka shigo taro da gudu, suka wuce da santsi ƙafafu a sama. Basfar gwamnati ta kwanta a hankali ta bi gangare ita kaɗai.

"Kada kowa ya tsorata!" Pindar ke ihu daga inda yake kwance. "Mataki na uku ne!"

Ya Fanna na can kan kujerarta, ko ɗigo bai taɓa ta ba, tana dariya har da riƙe ciki.

"Ɗana Pindar, a yi na huɗu! Don Allah a yi na huɗu kafin in mutu!"

Yunus mai faci ne ya rarrafa ya kashe injinsa. Kumfa ta fara kwantawa, duk ta gangara lambatu, jan mai na sheƙi a samanta daga wannan kusurwa har waccan. Malam Kashim ya miƙe da ƙyar. Farar rigarsa ta koma kalar ragunan Alhaji. Ya dubi lambatu, ya dubi Salomi. Ya kwance kwaɗo daga ɗamara, ya nufi ƙofar shago yana tafiya kamar mai koyon tsayuwa.

Dariya ta tsaya. Salomi ta matsa gefe ta ba shi hanya, ta zauna a dandamali da ludayinta a cinya.

Malam Kashim ya jawo ƙofa, ya ɗaga kwaɗo zai maƙala. Hannu duk sabulu. Kwaɗo ya sulluɓe, ya cafke, ya sake sulluɓewa, ya yi tsalle ya daki bakin tanki, sai ji aka yi ƙulum.

"Kwaɗon gwamnati!" in ji Malam Kashim. "Shi ke nan gare ni! In na koma ofis ba shi, me zan ce?"

Nan take Pindar ya farfaɗo. Ga aiki ya samu, ga jama'a na kallo.

"Ku ba ni wuri! Ni na gina tankin nan, na san kowane lungu nasa. Ko allura ce ta faɗa, yanzu zan fito da ita."

Ya tuɓe kwat, ya zura ƙafafu, ya sauka. Haɗin ya kawo masa ƙirji. Bai ko laluba ba, babban yatsan ƙafarsa ya sauka a kan kwaɗo. Daɗi ya kama shi. Yanzu zai nutsa ya ɗago shi sama, a yi tafi, a manta da kumfa. Ya cika ƙirji da iska, ya waiga don ya tabbata kowa na kallo.

Sai idonsa ya faɗa kan Salomi. Ba ta zage shi ba, ba ta ko dube shi ba. Ƙofar shagonta take kallo, hawaye na bin kumfar da ke fuskarta. Ya tuna da ita a gindin dogonyaro da tukunya ɗaya, Rebeka a goye, tana kare wuta da zaninta. In ya ɗago abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, a waccan ƙofa zai kwana. Kunya ta kama Pindar, irin wadda bai taɓa ji ba, har da tausayi.

"Injiniya, ka samu?" in ji Malam Kashim.

Pindar ya danna kwaɗo cikin laka da dunduniya.

"Na kasa," in ji shi.

"Me ka ce?" in ji Alhaji Gana, yana tatse kumfa daga kunne.

"Na ce na kasa! Na laluba ko'ina, babu. Ni Pindar na kasa."

Sai Ya Fanna ta miƙe ta rangaɗa guɗa.

"Jama'a ku shaida! Na ga wannan rana da idona!"

Aka kece da dariya, har da masu tafi. Yara suka ɗauka suna rerawa. Pindar na tsaye a cikin maiƙo har ƙirji, kai a sunkuye, ya sha ta duka. Salomi kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta san mijinta. Ta ga sanda daɗi ya cika masa fuska, ta ga sanda ya haɗiye shi.

Malam Kashim ya rasa yadda zai yi. Ba kwaɗo, ba kulle.

"To ka ji hukuncinka," in ji shi. "Kullum ka kwashe maiƙon da ya taso sama, ka zuba a garwa ka kai bola, kada ɗigo ya taɓa lambatu. Ruwan ƙasa ka ja shi da tiyo. Haka za ka yi ta yi har kwaɗona ya fito. Ranar da ya fito, ranar zan rufe shagon nan. Ke kuma Madam, ki daina zuba ruwa a ciki."

Salomi ta share ido da bakin zani.

"Malam, ai ba ka rufe ni ba tukuna. Ga mutane sun sha wahala, yunwa suke ji, in na dafa kuwa dole in yi wanke-wanke."

Haka aka yi, ruwan wanke-wanke ya ci gaba da cika tanki, kwaɗo na can ƙasa. Kullum da safe kafin ya tafi ofis, Injiniya na durƙushe a bakin tankinsa da tsohon ludayi yana kwasar maiƙo, masu wucewa na yi masa sannu da mataki na huɗu. Damina ta zo, ruwa ya bi lambatu ya wuce, bai shiga ɗakin kowa ba. Ofis ya ba Malam Kashim sabon kwaɗo, amma duk sanda ya leƙa lambatun Salomi sai ya tarar ba abin kullewa, sai ya zauna ya ci farfesu. In ya gama ya wanke hannu yakan ɗaga murya.

"Injiniya, ina kwaɗona?"

"Har yanzu na kasa, Malam."

Wata rana bayan Basfa ta tafi, Salomi ta ajiye wa mijinta kwano, da tsokar da ta fi kowace girma a sama.

"Baban Rebeka, yau ma ka kasa?"

"Yau ma."

"Allah ya sa kullum haka."

Pindar ya ɗauki tsokar ya juya ta. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya matso kusa da kunnenta, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi, wato raɗa.

"Maman Rebeka, ki faɗi gaskiya. Duk faɗin Borno, akwai wanda ya iya kasawa kamata?"